Daidaita tirelar kwana: katako, jak na lantarki ko jak na mai?

Wanda ya je sayen tirelar kwana a Amurka ko Kanada, irin babbar nan da ake ɗaura wuyanta a cikin bodin a-kori-kura wadda suke kira fifth wheel, zai iya tarar da guda biyu masu tsawo ɗaya da ɗakuna iri ɗaya, amma da tazarar dala dubbai a tsakaninsu. Idan ya tambayi dalili, sai dillali ya nuna masa wani ɗan allo a jikin ɗaya, ya ce wannan da kanta take daidaita kanta. Ka danna maɓalli, ƙafafun ƙarfe su sauko, cikin minti biyu ko uku ɗaki ya tsaya cak, ba karkata. Shi kuma wanda ya riga ya mallaki tsohuwa, kullum yana jin maƙwabta a sansani suna zuga shi ya kai a saka masa. Tambayar dai ɗaya ce ga su biyun: kuɗin nan ya cancanci a kashe shi? In kuwa ya cancanta, jak na lantarki za a saka ko na mai, wato irin wanda ke ɗaga bodin tifa?

Amsata a taƙaice ita ce, yawan tashinka da nauyin tirelarka su ne za su yanke maka hukunci, ba ƙyalƙyalin allon ba. Kuma ko wanne ka zaɓa, ba za ka rabu da katako da waiji ba.

Me ya sa sai an daidaita

Abu na farko da ake ambata shi ne firji. Tireloli da yawa, musamman waɗanda suka ɗan kwana biyu, suna da firjin Dometic ko Norcold mai aiki da gas ko lantarki. Irin wannan ba shi da kwamfuresa. Zafi ne ke tafasa ruwan amoniya, tururin ya hau sama ya huce, sannan ya gangaro da kansa ta cikin bututai masu ɗan gangare. Idan tirela ta karkata da yawa, ruwan ya kan taru wuri ɗaya, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya toshe hanya. Ɓarnar taruwa take yi kaɗan-kaɗan, kuma ba ta warkewa. Iyakar da Norcold ya bayar ita ce digiri 3 daga gefe zuwa gefe da digiri 6 daga gaba zuwa baya, amma gefe da gaban firjin ake nufi, ba na tirela ba. Da yake firjin galibi bango yake jingina yana kallon tsakiyar ɗaki, gefensa shi ne tsawon tirela. Digiri 3 a kan tirela mai ƙafa 35 ya kai kusan inci 22, digiri 6 kuma a kan faɗin ƙafa 8 kusan inci 10 ne. Ka ga ashe jikinka zai fara kuka kafin firji ya yi. Sababbin tireloli ma da yawa sun koma firji mai kwamfuresa, wanda bai cika damuwa da ɗan karkata ba.

Abin da ya fi damun mazaunin ciki kullum shi ne ƙananan abubuwa. Ƙofar banɗaki ta riƙa buɗe kanta, mai ya taru a gefe ɗaya na kasko, ruwan wanka ya ƙi bin magudana, ma'aunin tankin ruwa ya yi maka ƙarya, ka kwana kai a ƙasa ka tashi da nauyin kai. Sai kuma ɗakunan da ake turowa waje bayan an tsaya. Idan shasi ya murɗe, ɗakin ya kan fito a karkace, ya ci robar da ke tare ruwan sama, injinsa ya wahala. Shi ya sa yawancin masu ƙera su suke cewa a daidaita tukuna kafin a turo ɗaki.

Abubuwan da za ka auna

Kafin ka kalli farashi, tambayi kanka sau nawa kake kwance tirela ka sake ɗaurawa a wata. Ma'aikaciyar jinya mai kwantiragin mako 13 a asibiti ɗaya, ko ma'aikacin rijiyoyin mai da ya ajiye tirelarsa a Midland ta Texas ko Williston ta Dakota ta Arewa, sau huɗu ko biyar zai daidaita a shekara. Mai yawon buɗe ido da ke tashi duk bayan kwana biyu zai yi haka kusan sau goma sha biyar a wata ɗaya. Buƙatarsu ba ɗaya ba ce ko kusa.

Na biyu nauyi. Duba takardar da ke manne a gefen hagu na gaban tirela, inda aka rubuta iyakar nauyinta da kaya. Tirela mai nauyin fam 10,000 da mai fam 18,000 ba jak ɗaya suke so ba. Na uku irin ƙasar da kake sauka: dandamalin siminti na sansanin kuɗi, ko tsakuwa da gangaren gandun daji, ko rairayin hamada. Na huɗu batir, domin duk jak mai sarrafa kansa daga batirin tirela mai bolt 12 yake ci. Na biyar kuɗi, na saye da na gyara. Na shida, wanda mutane suka fi mantawa da shi, me za ka yi ranar da abin ya ƙi tashi kana nesa da gari. Na ƙarshe kuwa jikinka, wato gwiwa da baya, da ko kana da mai tsaya maka a baya yana yi maka ishara.

Akwai abin da ya shafi kowa, ko wace hanya ya bi. Tirela ba ta da birkin hannu. Birkinta na lantarki ne, daga motar yake karɓar umarni, da zarar ka cire ta ba abin da ke riƙe ta sai waiji. Ɗan igiyar nan mai kama birki idan tirela ta tsinke a hanya ba a yi ta don ajiye mota ba, in ka ja ta ka bari batir za ta shanye, ta kuma ƙona maganaɗisun birkin. Saboda haka waiji a gaba da bayan taya, gefe biyu, kafin ka taɓa hannun sakin ƙugiyar da ke haɗa ta da mota.

Hanya ta farko: katako da lebur

Kowace tirela irin wannan tana zuwa da ƙafafu biyu a gaba, galibi masu injin lantarki, waɗanda ke ɗaga wuyanta daga kan mota. Da su ake daidaita gaba da baya, kuma wannan ba wuya. Aikin yana wajen gefe da gefe, kuma tun tirela tana ɗaure da mota ake yin sa. Ka tsaya inda kake so, ka ɗora lebur irin na magina a ƙasan ɗaki, ka ga gefen da ya yi ƙasa. Ka ja gaba kaɗan, ka shimfiɗa katako a inda tayoyin gefen za su tsaya, ka dawo baya su hau. Ka sake aunawa. In bai yi ba, ka sauka ka ƙara. Digiri ɗaya a faɗin ƙafa 8 kusan inci 1.7 ne, katakon da suke kira 2x10 kuma kaurinsa na gaskiya inci ɗaya da rabi ne, saboda haka kusan kowane digiri katako ɗaya yake ci. A datse bakinsa a karkace don taya ta hau ba gardama. Duk tayoyin gefen, biyu ne ko uku, su hau tsayi ɗaya, kuma faɗin tayar gaba ɗaya ya zauna a kan katakon, kada rabi ya rataye a iska.

Wanda ba ya son ɗaukar katako mai nauyi da jiƙewa sai ya sayi tubalan roba masu shiga juna, irin su Lynx Levelers ko na Camco. Goma suke zuwa a jaka, kuɗinsu bai cika wuce dala 50 ba. Bayan an kwance mota an daidaita gaba, sai a sauke ƙananan ƙafafun baya. Waɗannan don rage girgiza aka yi su kawai. Wanda ya ce zai ɗaga tirela da su, lanƙwasa su zai yi.

Ta fuskar kuɗi da ƙarko babu mai kama ƙafar wannan hanya. Katako ba ya buƙatar batir, ba ya nuna saƙon kuskure, in ya tsage ka yanko wani. Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Sai dai haƙurin ne da tsada a wasu ranakun. Ka iso da dare bayan tuƙin awa takwas, ana yayyafi, wurin matsattse ne, ga tirela mai ƙafa 38 kana gaba kana baya don neman inci ɗaya. Minti ashirin zuwa talatin ya kan tafi, kuma yawancinsa a durƙushe. Sannan ko an gama, nauyin duka yana kan tayoyi da sifirin, don haka in yaro ya yi tsalle a baya, mai kwance a gaba zai ji.

Hanya ta biyu: hannu, amma da ɗan taimako

Wannan ita ce dillalai ba sa ambata, don ribarta kaɗan ce. Abu biyu ne. Na farko matakalar roba mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, irin ta kamfanin Andersen, wadda ke ɗaga taya daga rabin inci zuwa inci 4. Ka sa bakinta a ƙarƙashin taya, ka ja a hankali, tayar tana hawa tana ƙara tsayi, inda ya yi daidai ka tsaya a cusa waijinta a ƙasa. Babu sauka a ƙara katako. Na biyu ɗan akwati mai auna karkata, irin LevelMatePRO, da ake mannawa a cikin tirela. Yana aika wa wayarka ta Bluetooth cewa gefen hagu na buƙatar inci kaza, kana zaune a sitiyari kana ganin lambar tana sauka har ta kai sifili. Har tsayin da ka kwance mota yake tunawa, don ranar tashi.

Duka biyun a haɗe sukan tashi tsakanin dala 200 zuwa 300. Mutum ɗaya zai iya aikin shi kaɗai cikin minti goma. Matsalarsu kaɗan ce: idan tayoyin tirelarka sun matsu da juna sai an ɗan datse bakin matakala ɗaya kafin ta shiga tsakani, a kan siminti mai santsi ta kan zame sai an sa mata shimfiɗar roba, kuma gangaren da ya wuce inci 4 sai an koma wa katako. Girgiza kuma tana nan yadda take.

Hanya ta uku: jak na lantarki mai sarrafa kansa

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne Ground Control 3.0 na kamfanin Lippert, wanda hedikwatarsa ke Elkhart a jihar Indiana, yankin da ake ƙera mafi yawan tirelolin kwana na Amurka. Yana zuwa da ƙafa huɗu ko shida. Kowace ƙafa da injinta, tana juya dogon ƙarfe mai zare a ciki, kuma an ƙiyasta kowacce za ta ɗauki fam 5,000. Ƙwaƙwalwar na'urar tana ƙirga juyin kowane inji don ta san inda ƙafar take, tana kuma karanta ma'aunin karkata da aka ɗaura a jikin tirela. Shi ake yawan gani a matsakaitan tireloli irin su Cougar ta Keystone da Reflection ta Grand Design.

Yadda ake yi: ka sa waiji, ka sauke ƙafafun gaba su ɗaga wuyan daga mota, ka fitar da motar gaba ɗaya daga ƙarƙashi, sannan ka danna Auto Level. Gaban zai sauko, ƙafafun baya su taɓa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta yi 'yan gyare-gyare ta tsaya. Ranar tashi akwai maɓallin da ke mayar da wuyan daidai tsayin da ka bar shi, ka shigo da mota ƙugiya ta kama ba lalube. Ga wanda ke tafiya shi kaɗai, wannan kaɗai ya kusa biyan kuɗinsa.

Abin da nake so game da na lantarki shi ne sauƙin fahimta. Ba mai, ba tiyo, ba yoyo. Zaren ƙarfe ba ya sauka da kansa, inda ka bar shi da dare nan za ka same shi da safe. Idan ƙafa ɗaya ta mutu, sauran suna aiki, kuma ana iya juya ta da sifana ko na'urar huda ta hannu. Sauya ta aikin 'yan kusoshi ne da fulogi ɗaya. Rauninsa kuwa yana wajen waya da ƙirga. Ruwa da gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara suna cin mahaɗan waya, ƙwaƙwalwar ta rasa lissafin ƙafa ɗaya, ta tsaya ta ƙi komai sai an share kuskuren. Sharewar ba wuya, a sauke duk ƙafafun kamar inci shida sannan a riƙe maɓallin janyewa har su koma gida, amma sai wanda ya karanta littafin ya sani. Yana da ɗan jinkiri da ƙara, kuma tirela mai nauyi sosai tana gajiyar da shi.

Kayan kaɗai sukan kama daga dala 2,500 zuwa 4,000 gwargwadon yawan ƙafafu, ban da kuɗin aiki. Mai hannu da kayan aiki zai iya ɗaurawa da kansa idan shasinsa ya zo da mazaunin ƙafafun tun daga masana'anta.

Hanya ta huɗu: jak na mai

Wannan aikinsa ɗaya ne da na ƙarfen da ke ɗaga bodin tifa. Famfo ɗaya mai injin lantarki yana tura mai ta tiyo zuwa kowace ƙafa. Lippert na da nasa mai suna Level Up, mai ƙafa shida, na gaba masu ɗaukar fam 14,000 kowacce, na tsakiya da na baya fam 8,000. Akwai Equalizer Systems, da Bigfoot na White Pigeon a jihar Michigan, wanda ke da samfurin da kowace ƙafa take da famfonta. Manyan tireloli irin su Montana ta Keystone da Solitude ta Grand Design galibi da na mai suke fitowa, kuma a wasunsu famfon ɗaya ne ke turo ɗakuna.

Ƙarfinsa da saurinsa ba a haɗa su da na lantarki. Tirela mai fam 16,000 ya kan ɗaga ta kamar ba komai, kuma da yake ƙafa shida sun rage wa sifirin nauyi, ɗakin ya kan tsaya da ƙarfi, girgizar ta ragu sosai. Wanda ya zauna a ciki shekara guda zai gane darajar wannan fiye da saurin.

Sai dai mai yana da halinsa. Tiyo ya kan goga da shasi ya huje, mahaɗi ya yi gumi, robar cikin ƙafa ta gaji. Idan robar ciki ko bawul ya fara sakin mai, ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba, sai dai ka kwanta daidai ka tashi gaban ya sunkuya. Idan dare ya yi sanyi bayan rana mai zafi, ƙafafun sukan yi wata ƙara kamar an buga guduma a ƙasan gado. Ba haɗari ba ne, amma yana tsinka barci, kuma akwai man da ake ƙarawa don rage shi. A tsananin sanyi man ya kan yi kauri, famfo ya ja wuta da yawa, abin yanke wuta ya faɗi ana tsakiyar aiki. Man da Lippert ya ce a zuba shi ne man giya na mota mai sarrafa kanta, irin Dexron III, kuma ana duba shi ne lokacin da duk ƙafafu suke a janye. Wanda ya cika tanki ƙafafu na waje, ranar da ya janye su man zai yi ambaliya.

Babban haɗarinsa shi ne komai ya rataya a kan famfo ɗaya. In ya mutu, duk ƙafafu sun tsaya, a wasu tirelolin har da ɗakuna. Akwai hanyar ceto: a buɗe bawul da ɗan makulli mai kusurwa shida, a juya injin famfon da na'urar huda. Ina ba kowa shawara ya gwada wannan sau ɗaya a ƙofar gida da rana tsaka, ya ɗauki hoton bawul ɗin, ya ajiye makullin a kusa da famfon. Saka shi a tirelar da ba ta zo da shi ba aikin ƙwararru ne, sau da yawa har da walda, kuma ya kan tashi tsakanin dala 5,000 zuwa 8,000. Nauyin kayan kuma daga cikin nauyin da aka yarje maka ka ɗauka zai fita.

Abin da dillali ba zai faɗa maka ba game da su biyun

Ƙafar jak tana da iyakar miƙewa. A wuri mai gangare, ƙafar gefen ƙasa za ta miƙe har ƙarshe ba ta kai ba, allo ya rubuta Out of Stroke, aikin ya tsaya. Maganinsa a jera katako ko tubali a ƙarƙashin ƙafar kafin a fara. Ko a wuri mai kyau ma hakan na da amfani, domin gajeriyar ƙafa ta fi doguwa tsayuwa da ƙarfi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na'urar ta yi nasara ta hanyar ɗaga tayoyin gefe ɗaya sama. Ita ba ruwanta, lebur take nema. Amma tayar da ke lilo a iska ba ta riƙe komai, waijin da ke gabanta ya zama ado, nauyin da ke son gangarawa kuma ya koma kan siraran ƙafafu da ba a yi su don turi daga gefe ba. Littattafan Lippert sun hana ɗaga tayoyi daga ƙasa, sun kuma hana shiga ƙarƙashin tirela tana kan jak ɗin kaɗai. Don haka idan karkatar gefe ta wuce inci biyu ko uku, ka fara hawa da tayoyin gefen kan katako kamar mai hanya ta farko, sannan ka bar na'ura ta ƙarasa. Wannan shi ne dalilin da na ce ba za ka rabu da katako ba.

Sai batir. Batirin dalma da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 in yana hutawa, in ya sauka zuwa 12.1 ya kai rabi. Batir ɗaya ƙarami da dillali ya saka, bayan dare guda yana hura na'urar ɗumama ɗaki, ba lalle ya iya janye ƙafa shida da safe ba. A sansani mai wuta, ka jona tirela da wutar kafin ka danna komai. A daji kuwa, batir biyu ne mafi ƙaranci.

Akwai kuma 'yan ƙa'idoji da ke hana ciwon kai. Wuyan tirela ya kasance sama da lebur lokacin da za ka danna maɓallin, in ba haka ba na'urar Lippert ba za ta tuna tsayin ƙugiya ba. Kowa ya fito, ko ya zauna shiru, domin motsin mutum a ciki yana rikita ma'aunin. Idan ta ce ta gama amma kwalbar ruwa tana gangarawa a kan tebur, ba lalacewa ta yi ba, abin da aka koya mata a matsayin daidai ne ba daidai ba. Sai ka daidaita da hannu da lebur na gaskiya, ka sake koya mata. A kan kwalta mai zafi ko ƙasa mai laushi a sa faifai mai faɗi a ƙarƙashin ƙafa, ko takalmin roba irin SnapPad da ke zama a jikinta dindindin. Ƙafafun baya kuma suna rataye kusa da ƙasa, a shiga gidan mai mai tudu a hankali kuma a karkace, don da yawa a nan suke lanƙwashewa.

| | Katako da lebur | Matakala da ma'aunin waya | Jak na lantarki | Jak na mai |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi, a ƙiyasce | ƙasa da dala 100 | dala 200 zuwa 300 | dala 2,500 zuwa 4,000, ban da aiki | dala 5,000 zuwa 8,000 da aiki |
| Lokaci | minti 20 zuwa 30 | kusan minti 10 | 'yan mintoci | 'yan mintoci, ya fi sauri |
| Wahalar jiki | da yawa | matsakaiciya | kaɗan | kaɗan |
| Girgizar ɗaki | tana nan | tana nan | ta ragu | ta ragu sosai |
| Dogaro da batir | ƙafafun gaba kawai | ƙafafun gaba kawai | sosai | sosai ƙwarai |
| Abin da ke lalacewa | katako ya tsage | batirin ma'auni | waya, inji, ƙirga | tiyo, roba, bawul, famfo |
| Gyara a hanya | kowa zai iya | kowa zai iya | mai ɗan sani zai iya | sau da yawa sai makaniki |

Wa ya dace da wanne

Idan tirelarka gida ce da ke zama wata uku ko shida wuri ɗaya saboda aiki, kada ka kashe dubbai. Katako mai kyau, lebur, waiji mai matse tayoyi biyu daga tsakani, da ƙarfen tallafi mai ƙafa uku da ake sawa a ƙarƙashin ƙugiyar gaba don rage girgiza sun ishe ka. Ka sake aunawa bayan ruwan sama na farko, domin ƙasa ta kan zauna. Haka ma masu zuwa Quartzsite ta Arizona su yi hunturu gaba ɗaya a filin gwamnati: sau ɗaya za su daidaita, kuma wutar batirinsu ta fi amfani a wani wurin.

Idan kana fita ƙarshen mako da lokacin hutu da tirela mai ƙasa da fam 12,000, kuma gwiwarka lafiya lau, hanya ta biyu ce taka. Ita ce ta fi ba da sauƙi a kan kowace dala, kuma ita nake fara nuna wa duk wanda ya tambaye ni.

Idan kana tashi sau da yawa a wata, ko kai kaɗai kake tafiya, ko durƙuso ya fara yi maka wuya, tirelar kuma matsakaiciya ce, ka saka na lantarki. In ta wuce ƙafa 35, ka nemi mai ƙafa shida, domin tsakiyar dogon shasi na buƙatar tallafi.

Idan tirelar ta kai fam 15,000 ko fiye, ko irin mai gareji a baya ce da ake loda babura, kuma a cikinta iyali suke zaune shekara gaba ɗaya suna yawo, na mai ne ya dace, kuma gara a saye ta da shi tun daga masana'anta. A can ya fi araha, an yi shasin dominsa, garanti kuma ya rufe shi. Walda a jikin shasin da garantinsa bai ƙare ba na iya jawo maka gardama ranar da ka kai ƙara, don haka a tambayi mai ƙera ta a rubuce kafin a kunna wuta.

Mai sayen ta hannu kuwa, kada ya yarda da "yana aiki" a baki. A sauke ƙafafun a gabansa ba tare da an jona wutar gida ba, a danna maɓallin ta daidaita, a janye, a sake. Ya leƙa ƙarƙashi da tocila ya duba jiƙar mai a mahaɗan tiyo da tsatsa ko ƙarzuwa a jikin sandunan masu sheƙi, ya ga ko wata ƙafar baya ta karkace. In na mai ne, ya auna tsayin gaban daga ƙasa da tef, ya je ya ci abinci, ya dawo bayan awa biyu ya sake aunawa. Idan lambar ta sauka, a cire kuɗin gyaran daga farashi kafin a sa hannu.